Hali ko muƙami? Tarihin hutun rashin lafiya na ma'aikata maza da mata, daga Waliyyi Litinin zuwa binciken Whitehall

Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin wata tambaya da ta daɗe tana yawo tsakanin masu masana'antu da likitoci da hukumomi a ƙasashen Turai: ma'aikacin da ke yawan fashin aiki da sunan rashin lafiya, halinsa ne ya ja masa, ko kuwa aikin ne da matsayin da yake da shi cikin aikin? Abin da muke nufi da hali a nan shi ne ɗabi'un yau da kullum waɗanda Faransawa ke tarawa cikin kalmar « mode de vie », wato shan taba, da shan giya, da cimaka da ƙiba, da motsa jiki ko rashinsa. Hutun rashin lafiya kuwa shi ne « congé de maladie », kwanakin da doka ko yarjejeniya ta yarda ma ma'aikaci ya zauna gida yana jinya ba tare da ya rasa aikinsa ba. Mun tsaya a kan Ingila da Faransa, tare da ɗan leƙa Jamus da Finlan da Amurka, domin can ne aka fi daɗewa ana tara alƙaluma a kan wannan batu, kuma dokar aiki ta ƙasarmu daga Faransa ta samo tushe. Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa ɗabi'a tana da nata rabo, amma rajistar da ake rubuta kwanakin fashi a ciki takarda ce ta tarihi kamar kowace: doka ce ta haife ta, kuma ana ganin muƙamin mutum a cikinta tun kafin a ga halinsa.

1. Zargi ya riga ƙidaya

Tun kafin a san wani abu wai shi hutun rashin lafiya, an san fashin ranar Litinin. A ƙarni na 18 da na 19 masu sana'ar hannu na Ingila da Faransa, irin su maƙera da masaƙa da baduku, ba su cika fita aiki ran Litinin ba, har aka yi ma ranar laƙabin ba'a, « Saint Lundi », wato Waliyyi Litinin. Masu gidansu na cewa mayen Lahadi ne bai sake su ba. Akwai gaskiya cikin wannan magana, amma masanin tarihi E. P. Thompson ya nuna a 1967, Douglas Reid kuma ya ƙara tabbatarwa a 1976 da misalin garin Bamingam, cewa mutanen nan gwargwadon abin da suka ƙera ake biyansu, saboda haka sai su huta farkon sati su matse kansu Alhamis da Juma'a dare da rana. Al'adar ta mutu sannu a hankali lokacin da injin tururi ya tilasta ma kowa zuwa lokaci guda, aka kuma ba ma'aikata rabin ranar Asabar.

A Faransa, likita Louis-René Villermé ya zagaya masaƙun Lille da Mulhouse da Rouen da wasu garuruwa bisa umurnin wata majalisar masana, ya fitar da rahotonsa a 1840. Ya yi Allah wadai da shan giya ƙwarai da gaske. Amma da yake mutum ne mai ƙidaya, bai iya rufe ido a kan sauran abin da ya gani ba: yini na awa 13 ana aiki tsaye, da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da iyalai ke kwana a ciki, da yara ƙanana gaban inji. Rahoton nan na cikin abubuwan da suka kawo dokar 1841 mai taƙaita aikin yara. Shekara talatin bayan haka, a 1870, wani mai masana'anta na birnin Paris, Denis Poulot, ya raba ma'aikata gida 8, daga nagari har zuwa ɓatacce, kuma giya na cikin manyan ma'aunansa. Daga Villermé da Poulot muna iya ganin hanyoyi biyu da muhawarar za ta bi har zuwa yau.

Abin lura shi ne, ma'aikatan da kansu ba su yi sassauci ma junansu ba. A Ingila sun kafa ƙungiyoyin taimakon juna, irin adashi amma na jinya: kowa na zuba ƴan kwabbai duk sati, wanda ya kwanta a ba shi abin cefane. Dokokin waɗannan ƙungiyoyi sukan hana kuɗi ga wanda ciwonsa ya samo asali daga maye, ko faɗa, ko neman mata. Suna naɗa masu zagayen duba marasa lafiya, kuma wanda aka gani a mashaya ko yana yawo da dare alhali yana karɓar kuɗin jinya, an yanke masa. Wata ƙungiya da aka kafa a Salford a 1835, ta ƴan Rekabawa, ba ta ma karɓar mai shan giya sam. Da gomnatoci suka shigo cikin harkar, wannan gado suka ɗauka. Dokar inshorar rashin lafiya ta Jamus, ta zamanin Bismak, a 1883, ta ba ma'aikaci rabin albashi har tsawon sati 13, bayan ƴan kwanakin jira na farko waɗanda ba a biya. Ma'aikaci na zuba kashi 2 cikin 3 na kuɗin asusu, mai gida kashi 1. Ta kuma ba asusun damar hana kuɗi ga wanda ya ja ma kansa ciwo ta hanyar maye ko faɗa ko lalata. Ke nan tun ranar da aka haifi hutun rashin lafiya, an haife shi tare da tuhuma.

James Riley, wanda ya tono littattafan waɗannan ƙungiyoyi na Ingila, ya gano a 1997 wani abu mai ban mamaki: a ƙarshen ƙarni na 19, yayin da mace-mace ke raguwa, kwanakin jinya ƙaruwa suke yi. Mutanen da a da za su mutu cikin sati guda sun koma suna rayuwa da ciwonsu. Wannan ya ishe mu gargaɗi cewa yawan kwanakin hutu ba kullum yake nufin lalacewar jama'a ba.

2. Matar aure da tsintsiya

Dokar Ingila ta 1911, wadda ministan kuɗi Lloyd George ya kawo, ta shigar da miliyoyin mata cikin rajista. Namiji na zuba kwabo 4 a sati, mace kwabo 3. In an kwanta, namiji na karɓar sule 10, mace sule 7 da sisi, har sati 26. An fara biya a 1913, kuma ba a jima ba masu lissafi suka ɗaga murya: buƙatun mata, musamman matan aure, sun zarce abin da aka yi tsammani. Gomnati ta kafa kwamitin bincike a wannan shekara. Cikin membobinsa akwai Mary Macarthur, shugabar wata ƙungiyar ƙwadago ta mata, wadda ta kafe a kan cewa ciwon na gaskiya ne, yana nan tun da, illa dai babu wanda ya taɓa ƙidaya shi: mata masu ƙaramin albashi, masu haihuwa a kai a kai, waɗanda ba su taɓa ganin likita ba.

Dubi yadda ake gane mace « mai ƙarya » a wancan zamani. Mai zagayen dubiya ya faɗo gida ba sallama, ya tarar da ita tana shara ko wanki ko tana dafa ma yara abinci, sai ya rubuta cewa ta iya aiki, a yanke mata kuɗi. Namiji marar lafiya yana kwance matarsa na jinyarsa. Mace marar lafiya kuwa, wa zai ɗauke mata tukunya? Dokar ta auna rashin lafiya da ma'aunin namiji, wanda aikinsa ke ƙarewa a bakin ƙofar masana'anta. A 1932 majalisa ta warware matsalar ta hanya mafi sauƙi: ta rage kuɗin jinyar matan aure daga sule 12 zuwa sule 10. A ganinmu wannan shi ne wuri mafi amfani ga ɗalibin tarihi cikin duk labarin, domin a nan ne ake gani ƙarara cewa lamba ɗaya tana iya zama shaidar ciwo a wurin wani, shaidar ha'inci a wurin wani.

Yaƙin duniya na farko ya sake kawo gardamar a kan maza. A farkon 1915 Lloyd George ya yi shelar cewa giya ta fi jiragen ruwan Jamus na ƙarƙashin teku yi ma ƙasar ɓarna, saboda fashin ma'aikata a wuraren ƙera jirage da makamai. Aka kafa hukumar kula da sayar da giya, aka rage awowin mashaya, aka hana mutum ya saya ma abokinsa, har a 1916 gomnati ta saye mashayun garin Carlisle da masana'antun giyarsa. Faransa ma ta haramta barasar absinthe a 1915. Sai dai kuma cikin wannan shekara ta 1915 Lloyd George ɗin nan, da ya koma ministan makamai, ya kafa kwamitin duba lafiyar ma'aikatan makamai, kuma abin da kwamitin ya fara bayar da shawara a kai shi ne a daina aikin Lahadi. Ya tarar da mutane na aikin awa 70 zuwa sama a sati, kuma gajiya ce ke kayar da su. Likita H. M. Vernon ya nuna cewa inda aka rage awowi, kayan da ake ƙerawa ba su ragu ba, wani wuri ma ƙaruwa suka yi.

3. Dokar 1952 da abin da ta bari waje

A Faransa, inshorar jama'a ta fara da dokokin 1928 da 1930, sannan dokokin Oktoba 1945 suka kafa « Sécurité sociale », mai biyan rabin albashi bayan kwana 3 na jira. A 1946 aka wajabta ma masana'antu likitan aiki. A daidai wannan lokaci ne zancen ya ƙetaro wajenmu. Rahotannin zamanin Nasara cike suke da kukan cewa baƙar fata malalaci ne, ba ya zama wurin aiki, alhali aikin dole bai ƙare ba sai da dokar Houphouët-Boigny ta 11 ga Afrilu 1946, kuma mutumin da aka kamo da ƙarfi ya gudu zuwa gonarsa da damina, ba lalaci ya nuna ba. Bayan yajin aikin gama-gari na 3 ga Nuwamba 1952 a biranen Afirka ta Yamma ta Faransa, majalisar Paris ta zartar da dokar aiki ta ƙasashen ƙetare ran 15 ga Disamba 1952. Dokar ta tanadi cewa ma'aikacin da likita ya tabbatar ba shi da lafiya, an jingine yarjejeniyarsa har wata 6 ba a kore shi ba, mai gida kuma ya biya shi na wani lokaci. Wannan ƙashin baya yana nan cikin dokokin aiki na Nijar da suka biyo baya, kuma asusun CNSS, wanda aka kafa a 1965, yana kula da kuɗin iyali, da haɗarin aiki, da fansho, ya bar jinyar yau da kullum a wuyan mai gida.

Frederick Cooper ya nuna a littafinsa na 1996 cewa dokar 1952 ta yanka ma kalmar « ma'aikaci » iyaka: wanda ke aiki ƙarƙashin umurnin wani don albashi. Manomi da makiyayi da mai tuyar ƙosai da ɗan dako a kasuwar Maraɗi duk suna waje. Zazzaɓin damina na kayar da su kamar kowa, kuma daidai lokacin noma, amma babu rajistar da ke ɗaukar kwanakinsu. Duk alƙaluman da za mu ambata nan gaba na masu albashi ne a ƙasashen da kusan kowa mai albashi ne. Mai karatu ya riƙe wannan a zuciya.

4. Lokacin da aka auna

Bayan yaƙi na biyu ne ɗabi'a ta fita daga bakin masu wa'azi ta shiga hannun masu ƙidaya. A 1950 Richard Doll da Bradford Hill suka danganta sigari da kansar huhu. A 1953 Jerry Morris ya kwatanta direbobin bas mai bene na Landan da masu karɓar kuɗin mota, waɗanda ke hawa da sauka bisa ɗaruruwan matakala a yini, ya tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin da ke zaune. Morris bai tsaya nan ba. Ya je ya duba girman wandon yunifom da kamfani ke raba ma kowa, ya gano a 1956 cewa direbobin sun fi tumbi tun ranar da aka ɗauke su. Wato akwai yiwuwar mai ƙiba ne ke zaɓen kujera tun farko. Wannan matsala, ta rarrabe abin da ya riga wani, za ta bi duk binciken da ya zo daga baya. A 1974 rahoton ministan lafiya na Kanada, Marc Lalonde, ya sa « mode de vie » cikin ginshiƙai huɗu na lafiyar jama'a, kalmar ta bazu cikin gomnatoci, domin tana da wani daɗi gare su: gyaran hali ya fi gyaran albashi araha.

Whitehall sunan titin ma'aikatun gomnati ne a Landan. A 1967 aka fara auna wajen ma'aikata 18 000 na waɗannan ma'aikatu, dukansu maza, masu shekara 40 zuwa 64. Bayan shekara goma Michael Marmot da abokan aikinsa suka tarar cewa na ƙasa, masinjoji da masu gadin ƙofa, irin waɗanda muke kira « planton », sun mutu kusan ninki 3 na manyan daraktoci. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne mutuwar ta bi tsani daki-daki: mai bi ma darakta ya fi darakta mutuwa, magatakarda ya fi shi, masinja ya fi kowa. Ga shi kuwa babu mai kwana da yunwa cikinsu, kowa na da aiki tabbatacce, asibiti kuma kyauta ne tun 1948.

Bincike na biyu, Whitehall II, an fara shi a 1985 da mutum 10 308 daga ma'aikatu 20, masu shekara 35 zuwa 55: maza 6 895, mata 3 413. A wannan karo aka haɗa amsoshin da kowa ya bayar a kan taba da giya da abinci da yanayin aiki da rajistar fashi ta gomnati. A can, fashin da bai wuce kwana 7 ba ma'aikaci ne ke rubuta dalilinsa da kansa. Abin da ya haura haka sai da takardar likita. Fiona North da Marmot da sauransu sun fitar da sakamako a 1993. Mazan da ke ƙasan tsani sun fi na sama yawan fashi wajen ninki 6, gajere da dogo baki ɗaya. A wajen mata, ninki 3 ne a gajere, ninki 4 da ɗoriya a dogo. Shan taba na da alaƙa da fashi, haka ma wasu hanyoyin shan giya. Amma haka kuma rashin ikon yanke shawara a kan aikin da mutum ke yi, da maimaita abu ɗaya kullum, da rashin goyon bayan shugaba, da ƙuncin kuɗi a gida. Da aka tara dukan waɗannan abubuwa, na hali da na aiki da na gida, kashi 1 cikin 3 kawai na tazarar suka bayyana.

Akwai abubuwa biyu a nan da ya kamata mu tsaya a kansu. Na farko, ɗabi'ar ita kanta tsani take bi. Cikin manyan ma'aikata maza, masu shan taba ba su kai 1 cikin 10 ba. A ƙasa kuwa sun kai 1 cikin 3. In muka ce taba ce ta kwantar da magatakarda, ba mu ƙare ba, sai mun tambayi abin da ya sa sigari ya fita daga ofishin darakta ya zauna a ɗakin masu buga takardu. Na biyu, giya ta ƙi bin ƙa'idar da Poulot ya shimfiɗa mata. A Whitehall manya sun fi ƙanana yawan sha, musamman manyan mata, kuma su ne mafi ƙarancin fashi. A wajen maza an ga cewa waɗanda ba su sha sam da waɗanda suka wuce gona da iri duk sun fi na tsakiya fashi. Kada wani ya ɗauki wannan a matsayin yabon giya. Tun 1988 A. G. Shaper ya nuna cewa cikin « marasa sha » na Ingila akwai da yawa waɗanda ciwo ne ya sa suka bari. An lissafta su cikin masu kamun kai alhali tsofaffin mashaya ne marasa lafiya. A ƙasar da yawancin mutane ba su sha saboda addini, wannan rukuni ma'anarsa daban ce gaba ɗaya, kuma wanda ya kwaso sakamakon Landan ya ɗora a kan ma'aikatan Damagaram ya yi aikin banza.

Game da mata, Whitehall ya nuna abin da kwamitin 1913 ya ƙi gani. Kusan rabin matan da aka bincika a matakin ƙasa suke, na magatakarda da masu buga takardu, alhali mazan da ke wannan mataki ba su kai 1 cikin 10 ba. Saboda haka in an ce « mata sun fi fashi », wani kaso na maganar yana nufin ƙananan ma'aikata sun fi fashi. Ba duka ba, domin ko a mataki ɗaya ana samun tazara, kuma a ƙasashen arewacin Turai, inda aka fi ƙidaya, ta ƙi ɓacewa; ciki da haihuwa na bayyana wani kaso. Amma ba za a iya ɗora ta a kan ɗabi'a ba, tun da yake a yawancin waɗannan ƙasashe maza sun fi mata shan giya nesa ba kusa ba.

Faransa ta yi nata binciken, mai suna GAZEL, wanda cibiyar INSERM ta fara a 1989 ƙarƙashin Marcel Goldberg da ma'aikata fiye da 20 000 na kamfanin lantarki da gas na ƙasa, kashi 3 cikin 4 maza. Amfaninsa shi ne kamfanin na da likitocinsa, waɗanda ke rubuta sunan ciwon da ya kawo kowane fashi. A Finlan ma an bi ma'aikatan birnin Helsinki, yawancinsu mata, tun shekarar 2000, aka tarar taba da ƙiba sun fi sauran ɗabi'u alaƙa da fashi. A 2018 Marianna Virtanen da wasu suka haɗa alƙaluman Ingila da Faransa da Finlan, mutum fiye da 74 000. Ciwon baya da gaɓoɓi ne ya fi cin kwanaki, sai ciwon damuwa, sai raunuka. Ƙiba da taba da rashin motsa jiki sun tafi tare da ciwon gaɓoɓi. Taba da rashin motsi da shan giya har a bugu sun tafi tare da damuwa. Wannan sakamako ne mai ƙarfi, kuma ba mu ga dalilin raina shi ba: mai shan taba da mai ƙiba sun fi kwanciya, a kowane mataki suke, maza da mata. Poulot bai yi ƙarya duka ba.

5. Wanda bai taɓa fashi ba

Sai dai alaƙa daban, magani daban. A Amurka kamfanoni sun kashe kuɗi masu yawa a kan shirye-shiryen gyaran halin ma'aikata: awon jini, da gasar tafiya ƙasa, da tukuici ga wanda ya bar sigari. Jami'ar Illinois ta gwada abin a kan ma'aikatanta kusan 5 000 daga 2016, ta hanyar ƙuri'a, wasu a gayyace su cikin shirin wasu a bar su. Sakamakon da aka buga a 2019 bai nuna wani bambanci ba a kwanakin fashi. An kuma gano cewa waɗanda suka amsa gayyata da ma can sun fi lafiya, sun fi motsa jiki. Wani gwaji na wannan shekara, a kan ma'aikata wajen 33 000 na wani babban kanti, ya ba da amsa iri ɗaya bayan wata 18. Wandon direbobin Morris ke nan ya sake dawowa.

Whitehall II ya kawo wasu sakamako biyu da suka shafi yadda shugaban ma'aikata ke karanta rajistarsa. A 2003 Mika Kivimäki da abokansa suka nuna cewa dogon fashi mai takardar likita yana hasashen mutuwa: waɗanda suka yawaita shi sun fi sauran mutuwa cikin shekarun da suka biyo, ninki-ba-ninki. Wato yawancin wannan fashi ciwo ne na gaske. A 2005 kuma suka duba mazan da aka san ba su da lafiya, suka ware waɗanda ba su ɗauki ko kwana ɗaya ba cikin shekara 3. Waɗannan, da kowane darakta zai so ya ba lambar yabo, bugun zuciya mai tsanani ya same su ninki 2 na takwarorinsu marasa lafiya masu ɗaukar hutu daidai gwargwado.

Misali na ƙarshe daga Faransa yake. Ma'aikatan gomnati a can sun daɗe ba su da kwanan jira: ana biyansu tun ranar farko ta jinya. A 2012 aka sa masu kwana ɗaya da ba a biya, a 2014 aka cire, a 2018 aka mayar. Hukumar ƙididdiga ta INSEE ta duba shekarun 2012 da 2013 ta buga abin da ta gani a 2017. Fashin kwana biyu ya ragu da fiye da rabi, kuma raguwar ta fi yawa a wajen mata da matasa. Fashin sati ɗaya zuwa wata uku kuwa ya ƙaru, ta yadda yawan ma'aikatan da ke gida saboda rashin lafiya cikin kowane sati bai canja ba. Cikin waɗannan shekaru biyu babu abin da ke nuna malaman lakwal da magatakardan Faransa sun sake abincinsu ko sun bar sigari. Layi ɗaya ne aka ƙara cikin dokar kasafin kuɗi.